Madaci Ne ko Afara Aka Shafa wa Ja? Gane Tsohon Katako da Zaɓen Abin da Za a Shafa Masa

Kabad ɗin ɗakin mahaifiyarmu ya girme ni. Da shi aka yi mata jere, kuma tun muna yara ba mu san shi da wani suna ba sai "kabad ɗin madaci". Da aka zo rabon kaya bayan rasuwarta babu wanda ya yi rububinsa, don ƙafa ɗaya ta cinye, ƙofar hagu ba ta rufuwa, fuskarsa kuma ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin turaren wuta na shekara arba'in. Ni na ɗauke shi, na haɗa da teburin rubutun mahaifinmu da wata kujera 'yar tsugunno, na kai wa wani tsohon kafinta a unguwarmu. Ko kallon fuskar kabad ɗin bai yi ba. Durowa ya zaro, ya kifa ta, ya sa wuƙa ya kankare wuri kamar faɗin farce. Sai ga fari tas.

"Malam, wa ya ce maka madaci ne?"

"Haka muka taso muka ji, Baba."

"Ba su yi ƙarya duka ba. Ginshiƙan da ƙafafun madaci ne. Amma jikin nan afara ne aka shafa wa ja."

Da na bi son raina na sa an goge shi da samfefa kamar yadda na yi niyya, da na samu kabad mai launi biyu kamar ɗan akuya, jan ginshiƙi da farin ciki. Tun daga ranar na daina tambayar "wane banish ne ya fi ƙyalli?" Tambayoyin uku ne kuma a jere suke: wane itace ne, me aka shafa masa tun farko, kuma ina zai zauna idan an gama.

Launi shi ne maƙaryaci na farko. Rana tana dafa shi, hayaƙi yana rina shi, kafinta ma yana sauya shi da gangan. Don haka kada ka nemi gaskiya a fuska. Leƙa ƙarƙashin tebur, bayan kabad, gindin durowa, wuraren da mai shafe bai damu ya kai buroshinsa ba. Kankare ɗan wuri da wuƙa mai kaifi, ka danna farce, ka shinshina, ka ɗaga ka ji nauyi. In ka samu kan katakon, wato inda zarto ya yanke shi a gicciye, to ka dace, domin a nan ƙananan ramukan jijiyarsa suke bayyana.

Farce kaɗai yana raba maka fararen katako daga sauran. Obeche, wanda ake kira wawa a Ghana, ayus a Kamaru, shi ne mafi sauƙin ganewa: fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, farce yana shiga cikinsa ba gardama, kuma ba shi da nauyi, kubik mita ɗaya na busasshensa kimanin kilo 380 ne. Afara ya ɗan fi shi ƙarfi da nauyi, wani lokaci da baƙin zane a tsakiyarsa. Malaina kuwa ta fi yawa a kayan da ba su tsufa sosai ba. Dukansu gara da ƙwaron katako suna son su, musamman biyun farko. In ka ga gari mai laushi kamar fulawa yana taruwa a ƙarƙashin kabad, da ƙananan huji kamar na allura, ƙwaron yana ciki yana aiki, kuma shafa banish a kansa kamar rufe ƙofa ne da ɓarawo a ɗaka.

Jajayen su ne ake yawan rikitawa, saboda a kasuwa duk abin da ya yi ja sunansa mahogani. Madacinmu na arewa yana da nauyi ƙwarai, ya kusa ninka obeche, ja ne mai duhu, jijiyarsa a sarƙe take, shi ya sa in ka juya shi a haske za ka ga wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske. Ɗan'uwansa na kurmi ya fi shi sauƙin nauyi da hasken launi. Safele, wanda ya samo suna daga garin Sapele na jihar Delta inda kamfanin AT&P ya yi babbar masana'antar filawud, yana da dogayen layuka a jere kamar zanen saƙi, kuma in ka kankare shi yana da ɗan ƙamshi, abin da madaci ba shi da shi. Sai dalbejiya, da mutane ke rainawa don tana ko'ina a bakin titi. Dangin madaci ce ta jini, katakonta ja-ja ne, ƙwaro ba ya sonta sosai, sai dai tana da yawan ƙulli kuma da wuya a samu falanki mai faɗi a jikinta. Wani ya taɓa ce mini a lasa a ji ɗaci. Ban ba ka shawara ba, don ba ka san irin maganin gara da aka zuba wa katakon shekara talatin da suka wuce ba.

Loko da tik da kawo su ne rukunin da ya fi shafar zaɓen abin shafawa, don haka a nan ya kamata a tsaya. Loko, wanda kasuwa ta fi sani da iroko, yana fitowa ruwan ɗorawa in an yanka shi, da ya sha iska da haske sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Duba shi kusa-kusa za ka ga ɗigo-ɗigon haske sun bi ramukan jijiyar, kuma wani lokaci akwai wani farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa, wanda ke dakushe wa kafinta kayan aiki. Ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, kada ka goge shi ba takunkumi. Tik, irin wanda aka dasa a gandun daji kamar na Nimbia a kudancin Kaduna, nauyinsa kusan ɗaya da loko, wajen kilo 650 a kubik mita ɗaya, amma in ka shafa hannu za ka ji maiƙo, in ka kankare kuma yana warin jima, kamar ka shiga rumfar dukawa. Kawo ya fi su duka nauyi, ja ne mai ruwan zuma, ramukansa manya, kuma cikinsu akwai wani gari fari ko rawaya da ke ɓata tufafi in ya jiƙe. Abin da ya haɗa loko da tik shi ne suna da mai da wasu sinadarai na kansu, waɗanda ke korar gara, kuma su ne ke hana banish bushewa da wuri a kansu.

Kayan masassaƙa daban suke da na kafintoci. Kujera 'yar tsugunno, turmi, akushi, galibi daga gungume ɗaya aka fafe su, kuma za ka ga sawun gizago a ciki. In ya yi nauyi kamar ƙarfe, farce ko alama bai yi masa ba, kirya ce mai yiwuwa. In babba ne amma ba nauyi, maje. Madobiya kuma tana da zane mai kyau, ruwan zuma da duhu-duhu, ita ce aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabta ana lodi zuwa Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a taron Johannesburg na 2016. A taron Panama na 2022 aka ƙara da madaci da kawo na Afirka. Ma'ana, falankin madaci mai faɗin kamu biyu da ke jikin tsohon gadon gidanku, ko ka zaga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ko kasuwar Katako ta Yamai, ba lallai ka samu irinsa ba, in ka samu ma kuɗinsa zai ba ka mamaki.

Abu ɗaya ya rage kafin a bar maganar ganewa: ka tabbata katako ne har ciki. Dubi bakin falankin. In ka ga layi-layi kamar an jera takardu, filawud ne, kuma kyakkyawar fuskar da kake gani biniya ce, wato siririn fallen katako da aka liƙa a sama, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Injin samfefa zai huda ta kafin ka ƙifta ido. In ka ga kamar dunƙulen dusa ne, MDF ne, ba tsohon kaya ba ne, kuma da ya sha ruwa ya kumbura babu gyara.

Me ke kansa tun farko

Rabin tsofaffin kayan da ake kankarewa wanka kawai suke buƙata. Baƙin da ke fuskar kabad ɗinmu hayaƙi ne da maiƙon hannu da ƙura suka daskare. Da tsumma matsattse da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ana yi ana tsanewa nan take, sannan aka bi da tafentin, sai ga jan nan na asali ya dawo. Kada a kwarara ruwa, kada a sa soda. Soda tana baƙanta madaci, tana kuma sassauta gam a mahaɗa.

Bayan wanka sai gwaji, kuma ba ya cin minti biyar. Jiƙa auduga da sifirit ka ɗora a wani lungu da ido ba ya kaiwa. In wurin ya yi danƙo ya narke, shelak ne, abin da tsofaffin kafintoci ke kira folish. In bai motsa ba, gwada tina, ruwan da masu feshi ke sirka fenti da shi. In tina ta narkar da shi, laka ce, ba ta bakin kogi ba, ta feshi. In duka biyun sun gaza, ko wurin ya ɗan yamutse kawai, banish ne ko foliyuritan, wani nau'in banish na zamani. In kuwa babu wani ɓawo a saman, ana jin katakon kansa a hannu, to mai ko kaki aka shafa. Amfanin gwajin shi ne, shelak da laka ana iya farfaɗo da su ba tare da an cire su ba, sabon shafi yana narkar da tsohon su haɗe. Foliyuritan ba ya yarda da haka.

In fenti ne a kai, kuma tsoho, a yi hattara. Tsofaffin fentin mai da yawa suna da dalma, musamman rawaya da ja, kuma gogewa da samfefa a bushe yana mayar da ita ƙurar da yara za su shaƙa. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A yi amfani da maganin cire fenti a fili, a kankare yana jiƙe, a kwashe dattin.

Yanzu ga zaɓin

Shelak ƙaro ne da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan. Ana sayar da shi ɓarɓashi-ɓarɓashi ruwan zuma, a jiƙa gram 200 zuwa 250 cikin lita ɗaya ta sifirit a kwana. Ana ƙulla auduga cikin farin ƙyalle a riƙa shafawa sirara-sirara, kowane shafi ya bushe cikin rabin awa ko ƙasa da haka. Ban san abin da ya kai shi fito da kyan madaci da safele ba. Yana sa ka ga kamar zanen yana can ƙasa, kana leƙa shi ta cikin ruwa. Yana kama kusan kowane katako, har masu maiƙo, kuma in ya ƙuje gobe, gyaransa na minti goma ne. Amma rauninsa ya dace da abubuwan da ke ɗakunanmu kamar an auna. Kofin shayi mai zafi yana bar masa zobe. Ruwan da ya kwana a kansa yana bar masa fari. Turaren feshi kuwa, tunda akwai sifirit a cikinsa, narkar da shi yake yi, don haka shelak a kan teburin madubin amarya asarar wahala ce. Kuma wanda aka riga aka jiƙa ba ya ajiyuwa a zafinmu. In ya yi watanni a kwalba, ɗiga shi a kan gilashi tukuna, in ya kwana da danƙo zubar da shi.

Laka ita ce abin da yawancin masu kayan ɗaki ke fesawa yau, bayan sun yi ƙasa da sila, wato shafin farko da ke toshe ramukan katako. Ta yaɗu ne daga masana'antar motoci a Amurka cikin shekarun 1920, don saurin bushewarta, kuma har yau saurin ne jarinta: cikin yini guda an gama kabad. Tana da santsi, ta ɗan fi shelak jure ruwa, kuma tana karɓar gyara. Sai dai tana buƙatar kwamfresa da hannun da ya saba, warinta yana hawa kai, tana kama wuta da wuri, kuma turare da maganin goge farce suna cinta kamar yadda suke cin shelak. Ledar tebur ma in ta daɗe a kanta manne mata take yi. A watan Agusta, in iska ta cika da laima, sai ka ga an fesa ta yi hazo-hazo kamar an zuba madara. In kafinta ya ce maka zai fesa ranar da hadari ya haɗo, ce masa ba ka sauri.

Banish da foliyuritan mai mai su ne sojojin cikinsu. Ruwa, zafin kwano, turare, biron yara, duk suna ɗauka. In tebur ne da za a ci tuwo a kansa kullum, ko benci na shago, ban ga abin da zai maye gurbinsu ba. Kuɗin wannan ƙarfin kuwa iri uku ne. Na farko jinkiri: awanni yake yi yana danƙo, tsakanin shafi da shafi sai an kwana, kuma bai gama ƙeƙashewa sai ya kusa wata guda. Na biyu, in aka lafta shi da kauri, katakon yana komawa kamar an naɗe shi da leda, har fomeka ta fi shi mutunci. Na uku shi ne wanda ya fi damuna a kan kayan gado: ba ya gyaruwa ɗan wuri. Ranar da ya tsage ko ya fara ɓarewa, sai an kankare fuskar gaba ɗaya, kuma kowace kankara tana tafiya da wani abu na katakon.

A nan na yi tawa wautar. Teburin mahaifinmu loko ne, kuma na nace sai banish, don ina son ya yi ƙyalli. Baba ya ce a jira, na ga kamar jan rai ne, na ɗauko teburin gida na shafa da kaina a tsakar gida, cikin watan Janairu. Kwana uku bai bushe ba. Man lokon ya riƙe shi, hunturu kuma ya yi ta zuba masa ƙura, da ƙaramar tawa ta dafa sai ga sawun yatsu biyar. Da aka wayi gari na huɗu saman teburin ya zama samfefa. Na mayar da shi ina sunkuyar da kai.

"Ai da ka tambaya, Malam. Loko ba a shafa masa banish da maiƙonsa. Sai an goge shi da tina, ta sha iska, a yi masa ƙasa da folish siriri, sannan."

Ya kuma nuna mini dabarar da na riƙe har yau: a sirka banish ɗin da tafentin, a shafa da ƙyalle maimakon buroshi, sirara sau huɗu ko biyar, ana bi da samfefa mai laushi, lamba 320, a hankali tsakaninsu. Siririn shafi yana saurin bushewa, ƙura ba ta samun lokacin zama, kuma ba ya yin kamar leda. A yi shi cikin ɗaki a rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa. Mafi kyan lokaci a wajenmu shi ne kaka, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba.

Akwai foliyuritan na ruwa. Ba shi da wari sosai, ba ya rawaya, don haka ya dace da farin katako da ake so ya zauna fari. A kan madaci kuwa yana fitowa fayau, ba armashi, kuma a busasshiyar iska yana bushewa tun buroshi bai gama wucewa ba.

Mai kuma iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su ya lalata kaya da yawa. Akwai mai bushewa, kamar dafaffen man linsid, da man tung, da gaurayen da ake sayarwa da sunan man tik ko man Danish. Waɗannan suna shiga cikin katakon su daskare a can. Akwai kuma wanda ba ya bushewa har abada: man gyaɗa, man ja, man kaɗe. Su suna zama danƙo, su tara ƙura, wasu su yi ɗoyi. Baƙin mai na mota, da ake shafawa wai don gara, shi ne mafi muni. Yana baƙanta katakon har ciki, yana wari, yana ɓata tufafi, kuma bayansa babu folish ko banish da zai ƙara kamawa da kyau. Shi da maganin gara mai duhu irin na katakon rufi, a bar su can saman silin.

Mai bushewa shi ne abokin loko da tik da kawo da madobiya, itatuwan da ke da kyansu da ƙarfinsu, ba sa neman sulke. Ba ya buƙatar gwaninta: shafa, jira kamar minti goma sha biyar, goge duk abin da bai shige ba har wurin ya bushe a hannu, bar shi ya kwana, maimaita sau uku. Ƙura ba ta dame shi ba tunda ba a bar komai a sama ba, wanda a garuruwanmu ba ƙaramar fa'ida ba ce. Ba ya ɓarewa, in ya dusashe a ƙara. Amma ba ya tare ruwa kamar banish, yana duhunta katako, kuma a kan obeche ko afara ba ya ƙara komai sai wani rawaya mai kama da datti. Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki: tsumman da ya sha man linsid, in aka dunƙule shi aka jefa a kwali, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a tsoma shi a ruwa.

Kaki ado ne, ba kariya ba. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, amma tun kafin nan yake laushi, don haka a zafin Afrilu, kusa da taga, danƙo yake yi. Siriri a kan shelak yana da kyau, shi kaɗai ba ya isa. Fenti kuma ba abin kunya ba ne a kan obeche da malaina, ko kayan da aka yi wa faci da katako iri-iri. A kan madaci ko madobiya dai, haba.

To wanne za ka ɗauka? Ni ga yadda nake yankewa. Jan katako mai kyan zane da zai tsaya a jikin bango, kabad, wadirof, kan gado, shelak, kuma in shi ne a kai tun asali a farfaɗo da shi kawai. Farin katakon da aka rina, kada a kankare in ba dole ba, in ya zama dole a sake rini, a yi sila, a rufe da laka ko banish siriri. Saman da zai ga abinci da ruwa da turare, foliyuritan, ko da sauran jikin shelak ne, babu dokar da ta ce abu ɗaya za a shafa daga sama har ƙasa. In ba ka son haɗawa, sa a yanka maka gilashi a ɗora. Loko da tik, mai. Abin da zai zauna a baranda yana shan rana, mai ko fenti, domin ranar arewa ba ta barin banish ya daɗe, tsagewa yake yi ya riƙa saɓulewa. Akushi da turmi da duk abin da ke taɓa abinci, a wanke a shanya a inuwa, kada a kusance su da komai daga gwangwani.

Kafin kowane shafi, a gama da ƙwaro da mahaɗa. Ƙafar da gara ta cinye a yanke a dasa sabuwa da irin katakon, a ɗaga kayan daga ƙasa mai laima. Ƙananan abubuwa kamar durowa ana iya naɗe su cikin baƙar leda a ajiye a rana, domin zafin da ya kai digiri 56 har cikin katakon na rabin awa yana kashe ƙwaron da ƙwansa, shi ne ma ma'aunin da ake bi wajen katakon lodi tsakanin ƙasashe. Sai dai ban yarda a yi wa mai biniya haka ba, gam ɗin zai saki. Samfefa kuma a tsaya a kan lamba 180 zuwa 220, da hannu, ana bin jijiya. Mai kaushi, lamba 80, da inji na sabon falanki ne.

Kabad ɗinmu shelak aka samu a kansa, don haka ba a kankare komai ba. An wanke, an dasa ƙafa da guntun madacin wani tsohon gado, an bi shi da folish sau shida, har wurin da Baba ya kankare a gindin durowa an ɗiga masa ja. Teburin, bayan an cire ɓarnata, mai aka shafa wa ƙafafunsa, saman kuma banish siriri, ciki da waje, domin falankin da aka rufe fuska ɗaya kawai yana shan laima ta ɗayar ya lanƙwashe. Kujerar kirya ce, sabulu kawai ta gani.

Ƙofar hagun ce ta rage. Da na je ɗauka cikin damina har lokacin tana cijewa, na ce a ɗan fere bakinta. Baba ya ƙi. Katako, in ji shi, yana kumbura ta faɗinsa da damina, ya tsuke da rani, kuma tsakanin laimar Agusta da bushewar hunturu a Kano tazarar tana da yawa, shi ya sa kayan da aka haɗa a Legas ke tsagewa in sun hau arewa. In ya fere ta yanzu, da hunturu ya kama za a ga rata har ƙadangare ya leƙa. Ya sassauta hinjin sama da rabin juyi, ya goga guntun kyandir a bakin ƙofar, ya ce in ta ci gaba da cijewa har watan Fabrairu in dawo da ita.